Hajiya Kulu Makera, Wadda Ta Ƙetarar Da Mu Iyaka

Ranar Talata, sha biyu ga watan Yuli na 1988, ina shanya wanki a gidanmu da ke unguwar Television a Kaduna, sai mijina Matthew ya shigo da kekensa, bai ko tsaya jingine shi ba. Ya ce, "Rebecca, sai haƙuri. Hajiya Kulu ta rasu ɗazu da hantsi." Hajiya, kwana tara kika yi kwance a gidanki na Makera, kullum kina ce mana ɗan zazzaɓi ne. Kafin la'asar an kai ki makwancinki. Daga Allah muka fito, Musulminmu da Kiristanmu, kuma gare shi za mu koma.

Hajiya, ni ba marubuciya ba ce. Amma matan da kika ɗora a kan hanyar fatauci sun ce tunda ni nake karanta miki takarda, ni zan rubuta wannan. Ban iya musa musu ba.

A 1981 na san ki. Masaƙar da Matthew yake aiki ta rage ma'aikata, yana cikin waɗanda aka sallama, ga 'ya'ya huɗu. Na koma tuyar ƙosai a bakin titin Makera. Wata safiya kika tsaya saye, kika ga ina karanta guntun jaridar da zan naɗe miki ƙosan a ciki. Kika ce, "'Yar nan, kin yi makaranta?" Na ce na gama firamare. Kika ce, "To gobe ki zo gidana, akwai abin da za ki karanta mini."

Abin da kika miƙo mini kwafe ne na yarjejeniyar da ƙasashen Afirka ta Yamma suka sa wa hannu, wani ɗan uwanki ma'aikacin gwamnati ya samo miki daga Ikko, gefe ɗaya Turanci, gefe ɗaya Faransanci. Ba ki yi boko ba. Kika sa ni ina karantawa ina juya miki da Hausa, yau da gobe, har kika haddace wuraren da suka shafe mu. A nan ni ma na fara sanin cewa ɗan Nijeriya yana iya shiga Binin ko Togo ko Gana ba tare da biza ba. Kafin ranar, a zatona fita waje sai masu kuɗi da masu digiri.

Abin da kike faɗa wa duk macen da ta zo neman bin ki ɗaya ne. "Biza aka ɗauke mana, ba a ɗauke mana doka ba. Ki zo da fasfon da bai mutu ba, ki zo da katin allurar shawara, kuma kada ki wuce kwana casa'in a ƙasar mutane." Da kanki kike raka mata ofishin fasfo, ki zauna da su a benci har a kira sunansu. Ni ma ke kika raka ni, ranar da na fara ganin hotona a jikin takardar gwamnati.

Tafiyata ta biyu da ke, a daminar 1982, ita ce wadda ba zan manta ba. Mu goma sha ɗaya ne, za mu Lome saro atamfa da leshi. A wata iyaka da ke kan hanya wani jami'i ya karɓe fasfunanmu, ya juya su, ya ce babu biza, mu sauka daga mota. Direbanmu da yake jin Faransanci ya raɗa miki cewa abin shan ruwa kawai mutumin yake nema. Wasu daga cikinmu har sun fara kwance bakin zane. Kika daka mana tsawa. Kika ce wa direba, "Gaya masa ba na sayen abin da shugabansa ya riga ya sa wa hannu. In karatu ne, ga takarda da yarensa." Jami'in ya ƙi ko dubawa. Kika shimfiɗa ɗankwalinki na biyu a gindin wata bishiyar mangwaro, kika ce mu zauna.

Daga hantsi muka zauna har rana ta karkata. Motoci na wucewa, fasinjoji na leƙenmu. Direba ya yi barazanar juyawa ya bar mu. Ni kam na yi kuka a ɓoye, don jarin da ke ƙuguna shi ne duk abin da gidanmu ya mallaka, kuma na san in muka koma haka ba zan sake samun ƙarfin halin fitowa ba. Ke kuwa kika yi alwala, kika yi azahar, kika fito da dambun nama kika raba mana. Wajen la'asar babbansu ya iso. Kika miƙe, kika gaishe shi da ladabi, kika ba shi takardar, kika sa yatsa daidai layin da kike nufi, ke da ba ki san baƙi ɗaya na Faransanci ba. Ya karanta, ya duba fasfo goma sha ɗaya da katin allura goma sha ɗaya, bai sami aibu ko ɗaya ba. Da hannunsa ya buga mana hatimi. Da muka hau mota muka yi nisa, sai wata ta rangaɗa guɗa. Ranar na san mace mai tuyar ƙosai ma tana da haƙƙi a ƙasar da ba tata ba.

Amma ba ki da sauƙi, kuma ba zan ɓoye wannan ba. Ƙanwarki Larai, uwa ɗaya uba ɗaya, a tasha kika bar ta da jakarta, don kin gano sayen katin allurar ta yi, ba a yi mata allurar ba. Ta yi wata uku ba ta taka gidanki. Da na roƙe ki, sai kika ce, "Da wane baki zan tsaya gaban jami'i in ce muna da gaskiya, alhali akwai ƙarya ɗaya a motata?" Daga baya Larai ta je aka yi mata allurar, ta kuma ci gaba da bin mu.

Farkon 1983, da gwamnati ta ba baƙin da ba su da takardar zama wa'adin barin ƙasa, abin ya taɓa lungunku. Akwai wata 'yar Gana mai ɗinki da muke kira Maman Yohanna, wadda kika daɗe kina yi mata gargaɗi cewa kwana casa'in ɗinta ya wuce tuntuni, ta je ta nemi izinin zama. Ba ta je ba. Da abin ya zo ba ki goranta mata ba. Kika nemo musu mota ita da 'ya'yanta, kika yi musu guzuri, kika raka su har iyaka. Keken ɗinkinta bai sami wuri ba, kika ce ta bar shi a hannunki. Ya zauna a ɗakinki lulluɓe da zane, kina sa masa mai, ba ki bar kowa ya taka shi ba. Aka rufe iyakoki a 1984. Wasu suka koma bin daji da dare da rana, suna zuwa suna zuga ki. Kika ce ke ta ƙofa kika saba shiga ƙasar mutane, kika koma sayar da atamfar masaƙun Kakuri kusan shekara biyu. Da aka buɗe a 1986, tafiyarki ta farko har Kumasi kika kai wa Maman Yohanna kekenta. Ina wurin. Ta durƙusa ta rungume ƙafafunki, kika ɗago ta kina cewa, "Tashi, Madam, duba ki gani ko allurarki tana nan."

Ranar sadakar uku na ƙirga mata ashirin da shida a tsakar gidanki da suka riƙe fasfo ta dalilinki. Akwai na Makera, akwai na Kudenda, akwai mu na Television, masu zuwa masallaci da masu zuwa coci, duk a tabarma ɗaya. Babbar 'yata tana makarantar koyon jinya yanzu, da cinikin da kika koya mini. Muna alfahari da ke, Hajiya, kuma muna alfahari cewa a unguwarmu aka yi ki.

Ina miƙa ta'aziyyata, da ta Matthew, da ta dukan matan tafiya, ga maigidanki Alhaji Haruna, da 'ya'yanki Bello da Hauwa, da ƙanwarki Larai, da jama'ar Makera baki ɗaya. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya albarkaci abin da ta bari. Ke kuma Hajiya, Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki kurakuranki, ya haskaka makwancinki, ya saka miki da Aljanna saboda gidajen da kika tsayar. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da kyau. Amin.

Rebecca Matthew Shekari
Television, Kaduna