Muntaka da Motar da Ta Koyi Ladabi

Mutanen Garwa da yawa sun san ƙarar motar Muntaka tun kafin su san fuskarsa. Ɗan Alhaji Ɗanmalam ne, dillalin shanun nan da kakanninsa suka zo daga Kano da fatauci, suka ga wuri suka zauna. Gidan kaf shanu suka sani, Muntaka ne kaɗai ya fita zakka. Tun yana ƙarami, in an je kasuwa da shi, kowa na duban bajimi, shi yana ƙarƙashin motar da ta kawo bajimin yana leƙen cikinta.

Da ya girma ya buɗe gareji a bakin hanyar Pitowa. Yana gyaran tasi don tuwo, amma ransa na kan motocin tsere, gajerun nan masu ƙofa biyu da samari ke sayowa daga Duwala. Waɗanda suka ƙera su ba su taɓa ganin titin unguwa bayan ruwan sama ba, don haka da sun iso sai cikinsu ya riƙa gurzar ƙasa. Muntaka kan ɗaga su kaɗan, ya sauya musu ƙafa mai jure rami, ya kwance inji ya wanke shi tas. Sannan ya zo kan salansa, wato bututun hayaƙi, inda nan ne haukarsa take. Shi da abokinsa Jonas, mai walda ɗan Tcholliré, sai su wuni suna yanka bututu suna liƙawa, har ƙarar ta fito yadda kunnensa ke so. In ta fito ya daka tsalle kamar an yi masa albishir da haihuwa.

Abu ɗaya ne ke ci masa tuwo a ƙwarya. Alhaji bai taɓa taka garejin ba. In aka tambaye shi ɗansa sai ya ce, "Yana can yana tada wa jama'a hankali." Muntaka yana da mata, yana da suna a gari, amma "Allah ya yi wa sana'arka albarka" daga bakin mahaifinsa yake nema, kuma abin yana yi masa ciwo ƙwarai.

Ya sayi wata jar mota da ta yi hatsari, ya yi shekara da shekaru yana tada ta daga kwance. Ranar da ta kammala, zumuɗi ya rufe masa ido. Ya ce yau sai Baba ya gani da idonsa. Ya nufi kasuwar shanu ta Adumri ana tsakiyar ciniki, ya tsaya daf da inda Alhaji ke shafa bayan wani sa, ya taka totur har ƙasa.

Wanda bai ga kasuwar nan a ranar ba bai ga tashin hankali ba. Shanu suka tsinke igiya, suka yi gabas da yamma. Ƙoren nono suka kife, masu tsire suka bar wuta suka haye bishiya. Allah ya tsare ba a yi rauni ba, amma makiyaya sun kai la'asar suna tattaro dabbobinsu. Ɗan gidan shanu ya yi abin da ko baƙo ba zai yi ba!

Alhaji bai ɗaga murya ba. A gaban jama'a ya ce, "Mu nan da lallami muke cin abinci. Ranar da abar nan za ta ratsa garke saniya ba ta firgita ba, ranar zan ce kana da sana'a. Kafin nan kada in gan ta a ƙofar gidana."

Jonas ya ba shi shawara ya mayar mata da salansar da ta zo da ita a huta. Muntaka ya ce, "Haba Jonas! In toshe mata baki? To ai ta zama tasi ke nan."

Matarsa Sadiƙa ce ta warware ƙullin, kuma da tsokana ta yi. Tana zuba masa abinci ta ce, "Kai ma ai haka kake. A gareji ana jin ihunka daga gadar Binuwai, a gaban Baba kuwa ko tari ba ka iyawa."

Muntaka ya ajiye lomar da ya ɗauka. Ya fice ko hannu bai wanke ba, yana kiran Jonas tun daga nesa. "Maƙogwaro biyu za mu yi mata! Ɗaya na gaban manya, ɗaya na kan kwalta!"

Suka raba bututun gida biyu. Ɗaya ya bi ta cikin wata ƙatuwar salansa mai haɗiye ƙara, ɗayan ya tafi kai tsaye, da ɗan murfin ƙarfe a bakinsa. Suka ɗaura wa murfin wayar birkin babur, suka jawo ta har kusa da giya, suka sa mata mariƙi. Faɗa da baki ya fi yi sauƙi. Murfin farko ya riƙa kaɗawa kamar faifan tukunya, na biyu zafi ya lanƙwasa shi. Awakin Sadiƙa suka zama alƙalai, kullum a kunna motar kusa da su a ga ko za su zabura. Ranar da suka ci gaba da cin dusarsu ko kunne ba su kaɗa ba, Muntaka ya rungume Jonas suka yi ta rawa cikin baƙin mai.

Ya je ya durƙusa ya faɗa wa Alhaji. Tsohon ya ce, "Akuya ba saniya ba ce. Gobe da hantsi, garken Hammajoda a bakin kogi. Kuma a ciki zan zauna, kada a ba ni labari."

Hammajoda makiyayi ne, tsohon abokin cinikin Alhaji, kuma shanunsa na cikin waɗanda suka watse a Adumri. Da ya hango jar motar ya riƙe sandarsa da kyau. Ya yi gaisuwa da Fillanci ya ce, "Jam na, Alhaji? Aljanar nan ce kuma?"

Alhaji ya tattare babbar riga, ya nutse cikin kujera har gwiwoyinsa suka kusa taɓa gemunsa. Muntaka ya yi bisimilla ya tayar. Motar ta yi wani ɗan gurnani can ƙasa-ƙasa, ta gangara kan burtali, ƙafafunta na haɗiye ramukan kofato. Suka shiga tsakiyar garke. Ƙaho ta dama, ƙaho ta hagu. Wata jar saniya mai ɗan maraƙi ta tsaya cak a kan hanya, ta zuba musu ido. Muntaka ya tsaya, injin na numfashi a hankali. Saniyar ta matso, ta shinshina fitila, ta lashi madubi, ta sunkuya ta ci gaba da kiwonta.

Hammajoda ya saki sanda yana tafi. Alhaji kuwa ya yi wa Muntaka alama da hannu su ci gaba. Suka fita daga garken, suka hau kwalta, hanyar Gaundere ta miƙe fetal babu kowa.

Can tsohon ya nuna mariƙin da ke kusa da giya. "Wannan na mene ne?"

"Na ɗaya muryar ne, Baba."

Alhaji ya kai hannu da kansa ya ja. Motar ta yi ruri ta zabura, iskar taga ta fizge hularsa ta cilla ta baya. Muntaka ya saci kallo, sai ya ga mahaifinsa yana dariya har da dukan cinya, bakinsa na motsi yana faɗin wani abu da ƙarar ta haɗiye.

Da sauri Muntaka ya rage gudu ya rufe murfin. "Baba, me ka ce?"

"Na ce Allah ya yi wa sana'arka albarka! To wa ya ce ka rufe? Buɗe mata baki mu tafi!"