Fuskar Kawu a Cikin Taron Turawa

Wata Asabar na shiga babbar kasuwar 'yan China da ke kusa da gidanmu a unguwar International City a Dubai, zan sayi tukunyar dafa shinkafa, sai wani sauti ya tsayar da ni cak a layin masu sayar da talabijin. Kiɗa ne siriri na fiyano mai aiki da lantarki, yana hawa yana sauka, ganga na biye da shi a bushe. Talabijin sun fi goma a jikin bango, duk abu ɗaya suke nunawa: wasu tsofaffin Turawa huɗu a kan dandamali, ɗaya ya yi sanƙo, ɗaya ya ajiye tumbi, mawaƙin kuma har yau bai daina shafa jan baki ba. Na san su. Na san inda muryar za ta shigo tun kafin ta shigo. Mai shagon yana ta yi mini tallar kayansa, ni kuwa na riga na koma Kaduna, ina tsaye a bakin tagar ɗakin Kawu. Kada ka ɗauka daɗin tuna baya ne ya fara taso mini. Kishi ne, ɗanye sharaf, kamar jiya aka yi abin.

Kawu ƙanin mahaifiyarmu ne. Ya yi karatu a Ingila, ya dawo da takardar digiri, da wata katuwar rigar sanyi da bai sake sawa ba, da na'urar bidiyo, da kaset biyar na wasan waɗannan mutanen a gaban jama'a. Ya ce a lokacin su ake yayi a can, sabon salo ne wanda rabin kiɗan na'ura ce ke yi. Ɗakinsa na kusa da zaure a gidan kakarmu, inda aka bar mu ni da yayana saboda makaranta, bayan an yi wa mahaifinmu canjin wurin aiki zuwa kudu. Kaka ba ta taɓa shiri da kaset ɗin nan ba. Sau ɗaya ta leƙa, ta ga gashi a tsattsaye kamar wuta ta ja su, ta ga ƙato da jan baki yana karkarwa, ta ce ashe Turawa ma suna da 'yan bori. Tun daga ranar, duk lokacin da kiɗan ya tashi sai ta ce, "To, sun hau," ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Ranar Asabar bayan azahar ake kallo, in an yi sa'a akwai wuta. Kawu ba ya gaggawa. Zai jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ya kwance tsohon zanin da yake naɗe kaset ɗin a ciki saboda laimar damina, ƙamshin kafur ya cika ɗakin. Sannan ya buɗe murfin na'urar, ya ɗiga sifirit a farin hankici, ya goge cikinta a hankali kamar mai wanke wa jariri ido. Kaset huɗu na kallo ne kawai. Na biyar shi ne magana, domin Kawu ya ce yana cikin taron ranar da aka ɗauke shi. Ana tsakiyar wata waƙa kyamara za ta juya kan 'yan kallo, a cikin fararen fuskoki sai ga baƙar fuska guda ɗaya a gefen hagu, hannu a sama, kafin ka ƙifta ido ta wuce. Dole sai an tsayar da hoton daidai wurin, sannan Kawu ya miƙe ya ɗora yatsa a gilashin ya ce, "Ga ni nan."

Rimot ɗin na'urar mai igiya ne, igiyar kuma gajeriya, don haka mai riƙe shi dole ya zauna a kan darduma daf da ƙafar Kawu. Yayana ne mai wannan kujerar. Har suna Kawu ya raɗa masa, wai Injiniya, kan danna maɓalli ɗaya tak. Ni kuwa in na doso ƙofar sai a ce in je in taya Kaka aiki. Sai na samo wani tsohon bokiti na kife a ƙarƙashin taga, in hau in leƙa ta inda labule bai rufe ba. Da damina ruwan indararo yana ɗiga mini a gadon baya, sauro na cizona a ƙafa, ban taɓa sauka ba sai an kashe.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Yaya ko a jikinsa. Hankalinsa na wurin ƙwallo, yana zaune yana hamma yana jiran a sallame shi. Sai ya kuskure wurin sau uku, sau huɗu, a yi ta mayar da kaset baya, Kawu na dariya yana cewa a hankali dai, Injiniya. Ni da ke waje na haddace waƙoƙin nan kaf ba tare da na san ma'anar rabinsu ba. Kuma na gano sirrin: in mai ganga ya ɗaga sandunansa biyu sama, ka ƙirga huɗu, ka danna. Wata rana na kasa daurewa, na ƙirga a zuciyata na ƙwala, "Yanzu!" Yaya ya firgita ya danna, hoto ya tsaya daidai. Na yi tsammanin yau za a ce in shigo. Kawu ya juyo ya daɗe yana kallona, sannan ya tashi ya ja labulen ya rufe ruf.

Bayan wannan ne na yi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Wata Juma'a sun tafi masallaci shi da Yaya, ya manta bai kulle ɗakin ba, ga wuta. Na shiga, na zauna a dardumar nan, na riƙe rimot da hannu biyu. Bugu ɗaya na tsayar. Na matsa har hancina na taɓa gilashi, amma hoton na rawa, fuskar ta dushe, ba ka iya cewa ga hanci ga baki. Ina cikin wannan Kaka ta ƙwala mini kira in kai markaɗe. Na fita a guje na bar hoton a tsaye. Layin injin ya yi tsawo ranar. Ko da na dawo na'urar ta yi zafi, zaren kaset ɗin ya yamutse a wurin. Na sa yatsa na naɗe shi, na mayar cikin zani, na tura akwatin.

Washegari na hau bokitina da wuri. Ba zan yi maka ƙarya ba, tsoro na ji, amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani ɗan zumuɗi, domin na san a kan Yaya laifin zai faɗa, yau ɗan gaban goshi zai sha faɗa. Aka zo wurin, hoto ya koma yayyafi da layi-layi, sauti ya shaƙe. Kawu ya dafa kan Yaya ya ce, "Ba komai, Injiniya. Yawan tsayarwar da muke yi ne ya cinye wurin." Shi ke nan. Kuma ba a fasa ba, duk Asabar sai an tsaya a kan yayyafin nan, ya nuna da yatsa ya ce a nan yake. Na je bayan kicin na yi kuka har na gode Allah. Ba nadama ce ta sa ni kukan ba. Baƙin cikina shi ne ko laifi ne ma bai isa ya sa Kawu ya waiwayo ta kaina ba.

Yanzu mu biyun duk muna Dubai. Yaya ya riga ni zuwa, yana harkar aika kaya daga Al Rigga, ni kuma ina ba da magani a wani ƙaramin asibiti a Al Quoz. Ranar da na ji kiɗan nan a kasuwa saura sati biyu Kawu ya zo a cire masa yanar ido, kuma ba sai na faɗa maka gidan wa zai sauka ba. Ina komawa gida na hau bincike a waya. Ashe duk wasannin suna nan, na da da na yanzu, har da na kaset na biyar, an gyara shi ya fito tas. Mai ganga ya ɗaga sanduna, na ƙirga huɗu, na danna. Sai ga mutumin a fili: mai faɗin fuska, da ɗan kunne a kunne ɗaya, haƙora a jere. Kawu siriri ne, kuma yana da wushirya da ake hangowa daga nesa. Na maimaita ya fi sau ashirin. Ba shi ba ne.

Mai hankali da sai ta yi shiru. Amma shekara talatin da ɗoriya ina jiran ranar da ni zan tsayar wa Kawu hotonsa, kuma in dai gaskiya zan faɗa, akwai wani lungu a raina da ke so kowa ya ga cewa duk shekarun nan a kan baƙo Injiniya yake dannawa. Na bari aka yi aikin, ido ya washe. Ranar Juma'a bayan mun ci abincin rana a gidan Yaya, na haɗa wayata da ƙaton talabijin ɗinsa. Kiɗa na tashi Kawu ya cire baƙin tabarau, ya gyara zama, leɓensa na bin waƙar. Yaya na gefe yana fama da waya, yana haɗa Hausa da Larabci, "Yalla, ka ce musu kwantenar ta iso, khalas, kada su sake kirana." Na ƙirga, na danna.

Kawu ya ƙura wa mutumin ido, da sabon idonsa, ya daɗe. Bai kalle ni ba ko sau ɗaya. Sai ya juya ya ce, "Injiniya, ni ne ko?"

Yaya ya ɗago kai daga waya, kallo ɗaya ya yi. "Kai ne mana, Kawu. Ga ka nan."

Kawu ya fashe da dariya, ya buga masa cinya, suka tafa. Ni ina tsaye a tsakiyar falo da rimot a hannu, ba wanda ya tambaye ni komai.

Bayan kwana biyu ni na raka shi ganin likita, domin Yaya na da kaya a tashar jirgin ruwa. Muna zaune a wurin jira, na ɗaga masa haɓa ina ɗiga masa magani a ido, sai ya yi magana a hankali, idonsa a rufe.

"Kin gani ko?"

Na ce, "Na gani, Kawu."

"Wallahi ina wurin," in ji shi. "A can baya nake, bayan wani ginshiƙi, ko dandamalin ban gani sosai ba. Shekara huɗu na yi a Ingila, daga aji sai ɗaki sai sanyi. Da na dawo kowa na tambaya me na yi a can, ba ni da abin nunawa." Ya goge maganin da ya gangaro masa a kumatu. "Yayanki in na ce masa ga ni, ya gani. Ke kuwa sai kin duba. Tun kina ƙarama na san haka, shi ya sa nake tsoronki."

Na rufe kwalbar maganin, aka kira lambarmu, na kama hannunsa muka shiga.

Na ɗauka wannan maganar za ta warkar da ni. Ai ba ƙaramin abu ba ne a ce babba ya ji tsoron idon yarinya 'yar shekara tara. Na yi ta juya ta a raina a cikin bas, a wurin aiki, ina neman in ji daɗinta, amma daɗin ya ƙi zama. Yanzu zamani ya canza, hoto ba ya cinyewa ko sau dubu ka tsayar da shi, 'ya'yana ma da yatsa biyu suke buɗe fuskar mutum har su ga ƙurjin da ke goshinsa. Ba sauran yayyafin da tsoho zai ɓuya a ciki, sai dai ya samu wanda zai ƙi dubawa saboda shi. Yaya ya iya wannan tun yana yaro ba tare da ya san ya iya ba, ni kuma har gobe ban iya ba.

Kafin Kawu ya koma, ni na sauke bidiyon, ni na yanko wurin, ni na saka masa a waya na nuna masa inda zai danna. A satin da ya wuce mahaifiyarmu ta kira ni daga Kaduna tana dariya, ta ce ya ishi mutanen unguwa, duk wanda ya zo yi masa sannu da zuwa sai an nuna masa. Na tambaye ta me yake ce musu. Ta ce cewa yake, "Ɗana na Dubai ne ya nemo mini." Ta ce ko in gyara masa? Na ce ta bar shi. Na ajiye wayar, ga ni uwar 'ya'ya uku da furfura a gefen kai, na zauna a bakin gado ina jin haushin yayana kamar in yi ihu.