Fulogin Ranar Juma'a

Godiya ta tabbata ga Wanda ya san abin da ke cikin aljihu kamar yadda ya san abin da ke cikin ƙirji.

Akwai wani attajiri a unguwarmu ta Nima wanda muka tashi tare. Ni na zarce da littattafai, shi ya zarce da buhuna, har ya zama mai sayar da shinkafa da sukari da man girki a kan sari. Masu dafa abinci daga Maamobi har Kawukudi a wurinsa suke saye. Yana ce mini Malam, ina ce masa Alhaji, kuma kowace Juma'a yakan aika a shimfiɗa dardumarsa kusa da tawa a sahun gaba.

A ƙarƙashin teburinsa akwai wani baƙin akwati mai gurnani, wato kwamfutar da ke riƙe da cinikinsa gaba ɗaya. Ta cikinta odar masu saye take shigowa daga wayoyinsu. Ranar Juma'a, da ladan ya ɗaga murya, sai Alhaji ya sa a wangale ƙofar shagon, ya naɗe hannun babbar riga, ya durƙusa da nishi irin na mai ɗaukar nauyin al'umma, ya zare fulogin akwatin daga bango. Sannan ya ɗaga shi sama kamar wanda ya kashe maciji yana nuna kansa, ya ce an umarce mu da barin ciniki idan an kira salla. Direbobin trotro, wato ƙananan bas ɗin haya, sukan rage gudu don fasinja su gani. Iyaye suna kafa wa 'ya'yansu misali da shi. Ni ma na taɓa ambatonsa a wa'azi, na ce ga mutumin da ya fifita lahira a kan shinkafa.

Sai ɗaukewar wuta ta yi yawa, akwatin ya riƙa suma yana farfaɗowa, wata rana ruwan kwata ya shigo har ƙafar tebur. Babbar 'yarsa, wadda ta yi karatun kwamfuta kuma take tafiyar da ofishin, ta kwashe aikin ta mayar da shi abin da suke kira gajimare. Na tambaye ta ma'anarsa, domin ba na son in ji kalma in wuce. Ta ce mini kamar gidan haya ne irin namu na Zongo: wani kamfani a wata ƙasa yana da ƙaton inji, ya yanka shi ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki yana aiki kamar kwamfuta mai zaman kanta. Su sun kama ɗaki guda. In ciniki ya yi yawa a watan azumi a faɗaɗa musu, in ya ragu a rage. Na ce to ranar Juma'a fa? Ta ce ana iya umartar injin ya rufe da kansa a lokacin salla, har kuɗin haya ma ya ragu, kuma ta faɗa wa mahaifinta. Ya ce ta dakata, zai yi shawara da malamai. Ni ne malamin da ya fi kusa da shi, kuma bai zo ba.

Amma zare fulogi bai tsaya ba. Na ɗauka an daidaita lamarin ta wata hanya, na kyautata zato kamar yadda aka hore mu.

A wannan tsakanin shugaban kwamitin masallacinmu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Dattawa suka ware mutum biyu: Alhaji, da wani tsohon mahauci wanda ba ya magana sai an tambaye shi. Alhaji ya ƙwallafa rai a kan kujerar nan fiye da yadda zan iya siffantawa. Jarinsa a wurin jama'a kuwa ba buhuna ba ne, fulogi ne. Kowa kuma ya san dattawa za su nemi shaidata.

Sahun gaba a masallacinmu matsattse ne, cinya tana gogar cinya. Wata Juma'a liman yana tsakiyar huɗuba sai na ji wani abu yana kaɗawa a gefen cinyata. Na zaci jijiya ce, domin tsufa yana da baƙi iri-iri. Ya tsaya, ya sake. Sai na gane wayar Alhaji ce a aljihunsa, an kashe mata murya amma ba a kashe mata rawa ba. Abin da ya fi ba ni mamaki fuskarsa ce. Duk lokacin da wayar ta girgiza sai annuri ya sauko masa, ya lumshe ido, ya gyaɗa kai. Liman yana bayanin azabar kabari, Alhaji yana murmushi. Waɗanda ke bayanmu sun ɗauka yaƙini ne ya kai shi wannan matsayi.

Bayan ya maimaitu a Juma'ar da ta biyo, na tambayi 'yarsa. Ta sunkuyar da kai, ta ce duk wanda ya yi oda ya biya, injin yana aika wa mahaifinta saƙo. Na ce akwatin da ake zare wa fulogi fa?

Ta ce, "Baba Malam, babu komai a cikinsa. Fankarsa kawai ke juyawa. Ya hana a jefar da shi."

Na same shi bayan la'asar, mu biyu kaɗai, domin nasiha a gaban mutane tonon silili ce. Ya sa aka kawo mini shayi, ya saurare ni har na gama, sannan ya buɗe mini babin fiƙihun da ban taɓa cin karo da shi ba. Ya ce injin ba baligi ba ne, Juma'a ba ta wajaba a kansa ba. Ya ce injin yana zaune a ƙasar da ba a jin kiran salla. Ya ce ko da ana ji, agogonsu ba namu ba ne, wataƙila can hantsi ne. Ya ƙara da cewa masu odar galibi mata ne, su ma ba ta wajaba a kansu ba. Na yi shekaru ina karantar da shi alwala bai riƙe farillanta ba, amma a kan shinkafa ya zama mujtahidi.

Na ce masa mas'alar injin tana da faɗi, kuma da ya zo ya tambaya, mai yiwuwa da na samo masa sauƙi a cikinta, tun da shi kansa yana masallaci. Abin da ba shi da faɗi shi ne fulogin, domin ƙarya ce da ake yi da hannu maimakon baki. Na ba shi zaɓi: ko ya sa 'yarsa ta rufe injin a lokacin salla, ko ya bar shi yana aiki ya daina wasan da yake yi a ƙofar shago.

Ya ce, "Malam, in ya rufe da kansa, wa zai gani?"

Na ce, "Wanda ka ce kana yi dominsa."

Ya juya cokali a kofi, sannan ya ce in bari a wuce zaɓen tukuna. Ya kuma tuna mini, cikin ladabi, cewa rufin zaurena yana yoyo. Na ce yoyon ya saba da ni, na yi masa sallama.

Juma'ar da ta zo na tsaya a tsallaken titi. Ya wangale ƙofa, ya durƙusa, ya zare, ya ɗaga. Har ya hango ni ya ɗaga mini fulogin a matsayin gaisuwa.

Ranar da dattawa suka zauna, wani ya kawo maganar fulogi a matsayin hujja, aka juyo gare ni. Ban ƙara ba, ban rage ba. Na ce akwatin fanko ne, cinikin yana gudana a wani wuri har liman ya sallame, na ji shi da cinyata, kuma na yi masa nasiha a asirce bai karɓa ba. Aka tambayi Alhaji. Ya fara karanto musu babin injin da ba baligi ba, sai wani dattijo mai nauyin ji ya ce a tambaye shi abu guda kawai: me yake kashewa idan ya zare? Alhaji ya dubi tabarma. Aka ba mahauci kujera. Shi kuwa rumfarsa ba ta da fulogi, wuƙa yake wankewa ya rataye ya tafi masallaci, kuma babu wanda ya taɓa rage gudun mota don ya kalle shi.

Ba a ƙara wangale ƙofar shagon ba. Akwatin na gan shi a kan baro, masu sayen tsohon ƙarfe suna turawa. Injin gajimare, kamar yadda na ji, har yanzu bai san ranar Juma'a ba, kuma ciniki ya ƙaru. Alhaji yana gaishe ni idan mun haɗu, gaisuwa mai tsawo wadda babu komai a cikinta. Dardumarsa ta koma can ƙarshen sahu, kusa da wani tela wanda ƙafarsa ta dama ta daɗe da daina jin taɓi.