Karatun da Baba ya zaɓa mini

A shekarar da na ci bak, wato jarrabawar da ke kai mutum jami'a, soja ne ke mulki, kuma kowa a ƙasar ya zama kamarad, wato abokin gwagwarmaya, daga direban babbar motar kamiyo har shugaban makaranta. Wanda ya ci bak ba ya wucewa kai tsaye. Sai ya yi wa ƙasa hidima tukuna, a koya masa takun soja, a tura shi ƙauye ya koyar da yara. Ni wani ƙauye aka kai ni kusa da Guéné. A can labari ya same ni cewa kafin hidimar ta ƙare kowa ya faɗi fannin da yake so ya karanta. A lokacin magana ɗaya ce a bakin kowa: duk wanda ya gama jami'a, gwamnati za ta ɗauke shi aiki. Abin da ya rage wa mutum shi ne ya san ƙofar da zai bi.

Ni kuwa ban san ƙofa ko ɗaya ba. A zuriyarmu ba wanda ya taɓa wuce firamare, kuma ban taɓa zama na yi hira da wanda ya ga jami'a da idonsa ba, in ban da malamanmu na Parakou inda na yi sakandare, su ma tsoronsu muke ji. Sai na hau mota na taho gida.

Mahaifina albasa yake sayarwa a kasuwar Malanville. Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa yabona a gaban mutane ba. Ranar da na ci bak ma, da aka je yi masa barka, cewa ya yi Allah ya sa yaron nan ya yi hankali. Na iske shi a rumfarsa yana ware ruɓaɓɓu daga masu kyau. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Baba, an ce in hwaɗi abin da nika son karantawa can Kwatano.”

Ya ce, “Ba karatu guda na ba?”

Na yi masa bayani iya sanina, cewa akwai na likita, akwai na shari'a, akwai na noma, akwai na lissafin dukiya, da wasu da ni kaina sunansu kawai na sani. Ya saurara hannunsa bai bar albasa ba. Can ya ce, “Kai wane kaka so?”

Tarihi nake so. A makaranta shi ne darasin da ba na jin barci a cikinsa. Amma na dubi mutumin nan da ƙurar albasa har gashin girarsa, na rasa yadda zan gaya masa ina so in je Kwatano shekara da shekaru in koyi labarin mutanen da suka mutu. Ban ma san aikin da ake yi da shi ba. Na ce, “Ban sani ba, Baba.” Rabin maganar gaskiya ce.

Ya ce, “To, bari a tambaya.”

Baba bai taɓa sayen buhu ɗaya ba sai ya zagaya kasuwa ya ji bakin mutane, kuma don haka ne 'yan'uwansa 'yan kasuwa ke zuwa neman shawararsa. Haka ya ɗauki maganar karatuna ya shiga da ita kasuwa, ina biye da shi kamar mai riƙon jaka. Kunya ta kusa kashe ni. Mun fara da wani duwan, wato ma'aikacin kwastan, a bakin gadar iyaka wanda suka saba. Ya ce shari'a, daga nan a shiga aikinsu, sai dai ya tambayi Baba ko yana da wani a sama. Baba ya ce sai Allah. Duwan ya yi dariya ya ce wannan kowa na da shi. Malamin asibiti ya ce karatun likita dogo ne, kafin in gama Baba ya fara tafiya da sanda. Tsohon malamina na firamare kuwa kama hannun Baba ya yi ya roƙe shi, ya ce ko mene ne a yi, amma kada a bar ni in zama mushe, wato malamin makaranta, irinsa.

Wanda ya fi ɗaukar mana lokaci wani Alhaji ne da ke zuwa daga Kamba ta Najeriya sayen gwanjo. Ya sa aka kawo mana shayi, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce a ba shi ni. Ya ce yaron da ke jin Faransanci da Dendi da Hausa ya riga ya gama karatu, abin da ya rage a nuna masa hanya. Baba ya yi godiya sosai, muka fito. Sai da muka yi nisa ya ce, kamar yana yi da kansa, “Kasuwa na sani. Ba don kasuwa nas sa shi karatun lakwal ba.”

Washegari da safe ya ce in zo mu tafi. Muka bi bakin gulbin Kwara zuwa filin shinkafa na gwamnati. A shekarun nan filin abin kallo ne. Injinan ban ruwa na ta ƙugi, ruwa na bin hanyoyin siminti, shinkafa kore shar har inda ido ya tsaya, alhali rani ne. Akwai wani injiniya mutumin kudu mai kula da wurin, da farar mota da dogon takalmin roba. Baba bai yi masa magana ba, don ba su da harshen da ya haɗa su, kuma bai ce in yi masa tafinta ba. Ya samu gindin itace ya zauna yana kallonsa kawai. Ya ga yadda manoma ke tashi in ya iso. Ya ga ya duƙa ya ɗebi ƙasa ya murza, ya faɗi magana, an ruga an buɗe ruwa. Muna nan har rana ta yi zafi.

A hanyar komawa ya ce, “Wanga za ka karanta. Mutane ba su barin cin abinci, ko wa ka mulki. Kuma gulbin ga ba ya tashi ya koma Kwatano, dole nan za su maido ka.” A nan na gane cewa duk zagayen nan ba mota yake nema mini ba. So yake in dawo gida, in yi aiki inda shi da Inna za su riƙa ganina. Ban taɓa jin ya faɗi abin da ya kai wannan kusa da cewa yana sona ba. Na ce to.

Na yi karatun, kuma ba zan ce na ƙi shi ba. Na san ƙasa, na san ciwon shuka, na san yadda ake auna ruwa. In na zo hutu tun daga tasha ake kirana injiniya. Matan unguwa na tsokanar Inna wai ta fara koyon zaman gaban mota. Baba ba ya tanka wa masu yi masa barka, amma na lura ya kan bi ta hanyar filin shinkafa ko ba shi da abin yi a can.

Tun ina tsakiyar karatu abubuwa suka fara lalacewa. Albashin ma'aikata ya soma makara, kuɗin da ake ba mu na ɗalibai ya zama sai an ga dama. Muna ce wa juna abin zai wuce. Ina dab da gamawa aka faɗa a rediyo cewa gwamnati ta dakatar da ɗaukar sababbin ma'aikata. Ba a ce har yaushe ba. Muna zaune a ɗakin kwana muka ji, sai wani ya tashi ya ci gaba da wankinsa. Ba mu da wanda za mu je mu tambaya, kuma a zamanin nan mai yawan tambaya jandarma ke ba shi amsa.

Na dawo Malanville da takardar shaidata. Na je filin shinkafa na tarar da yawancin injinan sun tsaya, ba kayan gyara, ciyawa ta fito a hanyoyin ruwa. Injiniyan nan yana nan, motar na jingine bisa duwatsu ba taya. Ya karɓe ni da mutunci a ofishinsa, ya duba takardata, ya ce ta yi kyau ƙwarai. Sannan ya ce shi ma rabonsa da albashi ya manta, kaji yake kiwo a bayan gida.

Baba ya hana ni taɓa buhu. Ya ce in zauna da tufafina masu tsabta, ana iya kirana kowane lokaci. Na zauna. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Ƙannena na dako da awo suna kawo abin cefane, ni ina cin tuwo da hannu mai laushi. Na sauka Kwatano neman aiki na dawo, na haye gulbi zuwa Gaya, ƙetaren iyaka, na dawo. Ko'ina akwai irina suna jira, wasu sun riga ni gamawa. Sunan injiniya bai bar ni ba, amma muryar da ake faɗarsa ta sake. Baƙin ciki ya hana ni fita sai masallaci. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ni da wanda zan yi fushi da shi. Baba ya tambaya iyakar tambaya, ya zaɓa da hankali, ni na yi karatu da gaskiya, ga shi kuma mun tashi a tutar babu.

Wata ranar kasuwa da safe ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce, “Kai, sa tsohuwar riga ka taho.” Bai dube ni ba. Na bi shi har rumfa. Ya nuna mini inda zan zauna, ya nuna mini yadda ake ɗinke bakin buhu kada ya zube a kamiyo. Allura na ta zame mini. Ina jin idanun mutane a bayana, ina jiran wanda zai fara tsokana.

Maƙwabcin rumfarmu ne ya fara leƙowa, bakinsa ɗauke da murmushi. Kafin ya ce uffan Baba ya ɗaga murya ya ce, “Yaron ga ya yi karatunai, ya ci, ba shi da laihi. Ba shi yaz zaɓa ba. Ni naz zaɓa mishi.” Mutumin ya haɗiye maganarsa, ya yi mini sannu da aiki ya koma.

Na ce a hankali, “Baba, bari hakanan. Ba laihinka ba na.”

Ya ce, “Ɗinka buhunka.”

Haka ya yini. Duk wanda ya tsaya a rumfar, kafin a gama gaisuwa, sai ya gaya masa. Ya gaya wa abokansa da suka saba zuwa neman shawararsa, ya gaya wa 'yan dako, ya gaya wa mai shayi. Mutumin da bai taɓa yabona a gaban kowa ba yau yana shaida wa kasuwa na ci karatu, yana kwashe kunyar yana ɗora wa kansa, ni kuma ba yadda zan yi in hana shi. Na sunkuyar da kai ina ɗinki, hawaye na sauka a kan buhu, na bar mutane su zaci albasa ce.

Wajen la'asar wata tsohuwa ta zo daga hayin Gaya da ɗan kwandonta. Ba ta san mu ba, ba ta taɓa ganina ba, albasar miya kawai take so. Baba ya auna mata ya ƙara mata gyara, sannan ya nuna ni ya ce, “Ni naz zaɓa mishi.” Ta dube shi, ta dube ni, ba ta gane komai ba. Ta ce Allah shi yi albarka, ta ɗauki kwandonta ta tafi.