Malama Kubra Bala da Ajin da Aka Rufe a Jos Jarawa

Haihuwa da Karatu

An haifi Malama Kubra a Naraguta a shekarar 1957, 'ya ce ga Malam Bala, telan masu haƙar kuza, da Malama Tabawa. Ta sauke Alƙur'ani a hannun kawunta, ta yi firamare a Jos, sannan ta shiga kwalejin horar da malamai, inda ta kammala a 1978 da ƙwarewa a ilimin addinin Musulunci.

Aure

A 1979 ta auri Malam Jabir, direban motar haya, Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu, ɗaya ya rasu yana jariri.

Aiki

A 1983 aka tura ta wata sakandaren gwamnati a Jos Jarawa. Idan lokacin darasin addini ya yi, ɗalibai kan rabu biyu: Musulmi su je wurinta, Kiristoci su je wurin abokin aikinta, Mista Pwajok. Katangar da ta raba azuzuwan nasu ba ta kai rufi ba, saboda haka kowane ɓangare na jin karatun ɗayan, kuma malaman biyu ba su taɓa neman a ƙarasa ta ba. Takan ce yaron da ya saba jin yadda maƙwabcinsa ke kiran Ubangiji, da wuya ya ɗaga hannu ya cutar da shi.

Shekarun Jarrabawa

Bayan rikicin Satumbar 2001, iyalan Musulmi da yawa suka ƙaura daga unguwar, ajinta da a da babu masaka tsinke ya koma benci biyu. Aka yi mata tayin canjin makaranta, dangi suka matsa, maƙwabta suka kira ta mai ganganci. Amsarta ɗaya ce: "Muddin da ɗalibi guda a ajin nan, ni ma ina nan." Ta ci gaba da zuwa kowace safiya, Mista Pwajok na taryenta a bakin titi ya rako ta har ƙofar aji, duk da tsegumin da shi ma yake sha daga nasa mutanen.

A 2006 ɗalibarta ta ƙarshe ta kammala. Aka cire darasin daga jadawali, aka ƙarasa katangar da bulo, aka mai da ajin ma'ajiyar karyayyun kujeru, ita kuma aka yi mata ritaya. Da rikici ya sake ɓarkewa a 2008, ta yi ta nanata cewa yara sun taso ba su taɓa jin addu'ar juna ba, kuma takaicin hakan bai bar ta ba.

Rasuwa

Ta rasu a watan Ramadan 1430, daidai da Satumbar 2009, bayan jinyar hawan jini, aka yi mata sutura a Naraguta. Allah ya jiƙanta, ya sa karantarwarta a mizani.

Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: Badaruddini, tela a Naraguta, Sumayya, ma'aikaciyar jinya a Vom, da Rahma, mai digiri a ilimin addinin Musulunci, wadda ta nemi a buɗe ajin a ba ta. An amsa mata cewa babu ɗalibai. Ta ce ɗalibai ba sa dawowa inda babu malami, kuma ta sake nema.