Ni Na Juya Faifan Kulocin, Ba Modu Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan, ko shayi ban kurɓa ba, aka kira ni a waya aka ce Malam Modu Makanike ya rasu.

Haɗeja kun san shi da gyaran injin ban-ruwa a gindin ɗorawa. Ni tun muna samari na san shi, zamanin Turawa, lokacin ina tuƙa ƙaramar jif ta Baturen dabbobi, shi kuma yana gyara ta. Shi ya koya min sauraron inji. Na taɓa kwanciya ciwon shawara, kullum sai ya kawo min kunun tsamiya da hannunsa.

Akwai abin da na danne fiye da shekara sittin. Yau zan faɗe shi, don da sunansa aka binne laifina.

Wata damina aka aiko cewa kububuwa ta sari yayana Sale a gonar shinkafa, can bayan Auyo. Bature ya ce in ɗauki mota in kawo shi asibiti. Da damina ba a barin mota ta shiga fadama ba makanike da akwatin kayan gyara, don haka Modu ya hau.

A dawowa muka kafe a laka. Modu na cewa in sassauta, ni ina ta danna wuta, ƙafata a kan kuloci, har warin ƙauri ya cika motar. Kuloci ya ƙone.

Mutanen ƙauye suka ce a ɗauki Yaya Sale a gadon kara. Na ce a'a, mota ta fi sauri. Ni da bakina.

Muka kwantar da shi a inuwa, ƙafar ta kumbura, jini na fita ta dasashinsa. Muka cire kujeru da daɓen motar, manoma suka kama mana da igiya da azara aka ja giyabos, akwatin giya, baya don a kai ga kuloci.

Modu yana da wata ɗabi'a. In zai sa sabon faifan kuloci, sai ya shafa gawayi a fuskar da za ta kalli inji, sannan ya feƙe kara ya daidaita tsakiyar. Ya ciro sabon faifai daga akwatinsa, ya shafa, ya ajiye, ya ce in jira shi ya yi azahar, kada in taɓa.

Ina zan iya jira? Yayana yana nishi yana kiran sunana. Na ɗauki faifan da hannu duk taɓo, na sa, na ɗaure. Ban duba gawayi ba.

Da ya sallame ya tambaye ni, "Ilu, baƙin yana kallon inji?"

Na ce e.

Muka mayar da giyabos, muka ɗaure noti ɗaya bayan ɗaya har la'asar. Na tada mota, giya ta ƙi shiga. Modu ya dube ni sau ɗaya, ya sake ɗaukar sifana. Da muka kwance, ga gawayin nan yana kallonmu. A juye na sa shi.

Muna cikin ɗauri na biyu Yaya Sale ya cika, rana ba ta kai ga faɗuwa ba. Gawa muka kai Haɗeja.

A hanya na ce zan faɗa wa Inna, mahaifiyarmu, gaskiya. Modu ya riƙe hannuna a kan sitiyari ya ce, "Inna ta rasa ɗa ɗaya yau. Kada ka sa ta rasa biyu."

Washegari a gaban Bature ya ce shi ya juya faifan. Aka sallame shi daga aiki. Ina tsaye a wurin, wallahi na bar shi ya ɗauki laifina.

An yi shekaru masu motoci suna gudunsa, wai makaniken da bai san gaba da baya ba. Inna har ta koma ga Allah ba ta ƙara amsa gaisuwarsa ba. Duk da haka shi ya kama makararta, yana gaba ina baya.

Haɗuwarmu ta ƙarshe bayan ƙaramar Sallah ce. Idonsa ya tafi, da murya ya gane ni. Na ce Modu, Inna ta daɗe da tafiya, bari in faɗa wa mutane. Ya yi dariya har da tari, ya ce tsofai-tsofai da mu, wa zai saurara? Ya ce in miƙo masa buta.

To, ga shi na faɗa, ko da mutum ɗaya ne zai saurara. Ina jin kunya, kuma na san na makara. 'Ya'yan Modu da jikokinsa, babanku bai taɓa juya faifai ba. Ni ne.

Allah Ya jiƙan Modu, Ya haskaka kabarinsa, Ya rufa masa asiri a can kamar yadda ya rufa min a nan. Ya jiƙan Yaya Sale da Inna.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa Modu a addu'a. In kun gama da shi, ku roƙa min gafara.