Ranar da Baba Manu ya zo neman ƙarin girma

Har gobe ina dariya in na tuna ranar da Baba Manu, ƙanin mahaifin matata, ya diro ofishinmu a Birnin Kebbi.

Ku da kuka zo daga baya, lokacin muna fitar da wani labarin soja na zane duk wata, kan manyan hafsoshi da ke rikicin shugabancin bataliya. Oga Bello ke rubutawa, ni in zana da fensir, in bi da tawada, a kai wurin bugawa.

Baba Manu masunci ne a Argungu. Shi ya matsa min sai na sa shi a ciki, na ɗauki fuskarsa har da tsagar, na ba Saje, mai igiya uku, na hannun daman Kanar. Kai, ya ji daɗi! A bakin gulbi har sara masa ake yi.

Kwatsam Oga Bello ya rubuta cewa Saje ya sayar da Kanar ga Manjo mai son kujerarsa. Na roƙe shi, na ce fuskar surukina ce fa. Ya ce, "Labari ya riga ya tafi." Haka na zana, alhali na san in tsohon ya yi fushi, ni da shiga gidansu sai dai labari.

Da fitowar littafin sai ga shi, ya nannaɗe shi a hannu. Na durƙusa na gaishe shi, sai ya jefo min tambaya.

"Wa ad da wanga aiki?"

Na ce, "Baba, a yi haƙuri, za mu gyara. Sai mu ce dabara ce, ba cin amana ba."

"Kak ka taɓa! Ni na tada gwamnati guda, Manjo ya haye kujera, kunka bar ni da igiya ukku? Masunta na ta yi min dariya, wai an yi wayo da ni!"

Oga Bello ya yi dariya har da hawaye. A fitowa ta gaba Saje ya kifar da Manjo, ya zama Janar, ni kuma Baba Manu ya aiko min da kyautar kifi, giwan ruwa.

Tun ranar na gane mai karatu zai yafe wa mugu komai, ban da wauta. Kuma ban sake aron fuskar wanda nake durƙusa wa ba.